Intabiyun Aikin Manhaja: Inda Ya Samo Asali da Abin da Ɗanka Zai Tarar

A cikin masu bin wannan shiri akwai waɗanda suka sayar da bijimi, ko suka taɓa jarin fatauci, don ɗansu ko ƴarsu su yi karatun kwamfuta a Yamai ko Kano ko Kumasi ko Ngaoundere. In kana cikinsu, akwai ranar da yaron zai bugo maka waya ya ce an kira shi intabiyu, wato ganawar da kamfani ke yi da mai neman aiki kafin ya ɗauke shi. Bayan mako biyu ka tambaye shi labari, ya ce ai yanzu ya shiga zagaye na biyu. Wata ya cika, ya ce saura zagaye uku. Daga nan zuciya ta fara raya maka ko yaron nan wasa yake maka da hankali. To ka sassauta masa, haka sana'ar take, kuma tsawon nan yana da tarihi. Yawancin tarihin a Amurka ya faru, domin can manyan kamfanonin suke, sauran duniya kuma su take kwaikwayo.

Injiniyan manhaja dai shi ne mai rubuta umarnin da na'ura ke bi. WhatsApp ɗin da kake aika saƙon murya da shi, da abin da ke cikin wayarka da kake tura kuɗi daga wannan gari zuwa wancan, duk mutane ne suka zauna suka rubuta su layi bayan layi. Damuwar kamfanin da zai ɗauki irin wannan mutum kai ma ka san ta. In za ka sayi saniya a kara, kana buɗe bakinta ka duba haƙora, ka sa a kora ta ka ga tafiyarta. In falke zai ɗauki yaro, da ƙaramin aike yake farawa ya ga ko canji zai dawo daidai, a yi shekaru kafin ya damƙa masa mota guda ta kaya. Kamfani ba shi da waɗannan shekaru, kuma abin da yake son saye a cikin kai yake, ido ba ya ganinsa. Saboda haka kowane zamani sai ya ƙirƙiro nasa ma'auni, a yi aiki da shi, a gano inda ya gaza, a kawo sabo. Amma tsohon ba a cika zubar da shi gaba ɗaya ba, sai dai a ɗora sabon a kansa. Intabiyun yau tarin ma'aunan shekara ɗari ne aka jera su a jere.

Mu fara da 1921, tun ba a ƙera kwamfuta ba. Thomas Edison, mutumin da sunansa ya shahara da ƙwan lantarki, ya gaji da ɗaukar masu takardar jami'a da ba sa gamsar da shi. Sai ya shirya tambayoyi sama da 140 da yake ba masu neman aiki a kamfaninsa. A ciki akwai irin su: waɗanne ƙasashe ne suka yi iyaka da Faransa, kuma mene ne saurin tafiyar sauti. Tambayoyin suka fita a jaridar New York Times, gari ya ɗauka. A shekarar Albert Einstein ya kai ziyara Amurka, wani ɗan jarida ya jefa masa tambayar saurin sauti. Einstein ya nuna cewa shi ba ya cika kansa da abin da zai iya buɗe littafi ya gani. Ka ga tun ranar farko aka fara gardamar da har yau ba ta mutu ba: shin hadda ake aunawa, ko iya tunani?

Da kwamfuta ta zo, matsalar ta ƙara tsanani, don babu makarantar da ke koyar da aikin. Na'urar ENIAC da aka kammala a Jami'ar Pennsylvania a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, mata shida ne suka fara tsara mata aiki, kuma daga cikin masu yi wa soja lissafi da hannu aka zaɓo su. A shekarun 1950 sojan Amurka ya shiga gina wani babban tsarin tsaron sararin sama mai suna SAGE, aka buƙaci masu rubuta manhaja fiye da waɗanda ke akwai a ƙasar. Dole aka koma ɗibar malaman makaranta da sauran mutane a koya musu daga tushe. To wa za a ɗiba? A 1955 kamfanin IBM ya fito da jarrabawar gwajin basira ta takarda da fensir. A ba ka jerin lambobi ka faɗi wadda za ta biyo baya, a ba ka zane-zane ka gano dangantakarsu, sai ɗan lissafi. Dubban ɗaruruwan mutane suka zauna wannan jarrabawa a shekarun 1960.

A 1966 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, William Cannon da Dallis Perry, suka binciki masu rubuta manhaja 1,378 don su gano halin da ya haɗa su. Abin da ya fi fitowa a rahotonsu shi ne mutanen nan suna son warware matsala, kuma ba su cika son cuɗanya da jama'a ba. Kamfanoni suka kama wannan, suka shiga fifita mai irin wannan hali. Makiyayi ya san ƙarshen wannan lamari: in kullum farare kake ajiyewa kana sayar da jajaye, bayan shekaru garkenka fari ne fat, kuma hakan bai nuna jajayen ba su da nono ba. Masana tarihi suna lissafa wannan zaɓe cikin dalilan da suka sa sana'ar da mata suka fara ta koma yawanci hannun maza.

A gefe guda kuma, a jihar Kaliforniya, akwai William Shockley, ɗaya daga cikin mutum uku da suka ƙirƙiro taransista, ɗan ƙaramin abin nan da rediyonka ya samo suna daga gare shi. A 1956 ya buɗe kamfaninsa a garin Mountain View, kuma ya yi suna wajen jefa wa masu neman aiki tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. Ɗaya daga ciki a kan gasar tanis take, amma ka ɗauke ta gasar kokawa: ƴan kokawa 127 ne, duk wanda aka kayar ya fita, karo nawa za a yi kafin a sami sarki? Mai gaggawa zai shiga raba lamba biyu-biyu yana tarawa. Mai natsuwa zai ce kowane karo mutum ɗaya yake fitarwa, mutum 126 ne za su fita, ke nan karo 126. Shockley ya tara haziƙai kam. Sai dai bai iya zama da mutane ba. A 1957 takwas daga cikinsu suka yi murabus tare suka kafa Fairchild Semiconductor, kuma biyu a cikinsu, Robert Noyce da Gordon Moore, su suka kafa Intel a 1968. Ya iya zaɓen dabba, bai iya kiwo ba. Wannan darasi ne ga ɗanka shi ma: a intabiyu ana auna shi, shi ma ya riƙa auna gidan da zai shiga.

Kamfanin Microsoft, wanda aka kafa a 1975, shi ya mai da wasa ƙwaƙwalwa al'ada a shekarun 1990. Tambayar da ta fi shahara ita ce me ya sa murfin ramin magudanar ruwa na kan titi yake da'ira. Amsa ɗaya ita ce murfi mai da'ira ba ya faɗawa cikin raminsa ko ta yaya ka juya shi, mai kusurwa huɗu kuwa yana iya zurmawa. Wata amsar ita ce mai nauyi ne, in da'ira ne ana iya mirgina shi. Hujjar kamfanin ita ce fasaha na saurin canzawa, abin da mutum ya sani yau zai tsufa gobe, gara a nemi mai kaifin kai. Sauran kamfanoni suka bi sahu. A 2003 marubuci William Poundstone ya fitar da littafi guda a kan waɗannan tambayoyi da amsoshinsu. Ka san ma'auni in kowa ya gane sirrinsa ya tashi daga aiki. Masu neman aiki suka haddace amsoshi, ya zama ana auna wanda ya karanta littafin ne kawai.

Google, da aka kafa a 1998, shi ma ya yi wannan yayi, har da tambayoyi irin su ƙwallon golf nawa za su cika jirgin sama. Amma su sun koma sun duba littafin lissafinsu. Suka kwatanta makin da aka ba mutane a dubban intabiyu da yadda mutanen suka yi aiki bayan an ɗauke su. A 2013 shugaban sashen ɗaukar ma'aikatansu, Laszlo Bock, ya faɗa wa jaridar New York Times cewa wasa ƙwaƙwalwar nan ɓata lokaci ne kawai, ba ya nuna wanda zai iya aiki, amfaninsa dai ya sa mai tambaya ya ji shi gwani ne. Suka kuma gano cewa zama huɗu ya wadatar a yanke hukunci, abin da ya wuce haka wahalar da mutum ne. Daga nan aka karkata ga tambayoyi iri ɗaya ga kowa, da ma'aunin maki iri ɗaya.

Abin da ya maye gurbin wasa ƙwaƙwalwa shi ne a ce wa mutum: rubuta mu gani. Dalilin a fili yake. Kamfanoni sun sha ɗaukar mai manyan takardu, a zaunar da shi gaban na'ura ya kasa. A 2007 wani gwaji ɗan ƙarami mai suna FizzBuzz ya bazu. A ce ka rubuta umarnin da zai jero lambobi daga 1 zuwa 100, in lamba ta rabu da 3 ya rubuta wata kalma, in ta rabu da 5 ya rubuta wata, in ta rabu da duka biyun ya haɗa su. Aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya, amma ya tankaɗe mutane da dama. Manyan kamfanoni suka kai abin nesa: a tsayar da kai gaban farin allo da alƙalami, a ba ka matsala mai wuya, ka warware cikin minti 45 ana kallonka. Sai kasuwar shiri ta buɗe. A 2008 Gayle Laakmann McDowell, wadda ta yi aiki a Google, ta fitar da littafin Cracking the Coding Interview, wanda bugunsa na 2015 ke ɗauke da tambayoyi 189. A 2015 ɗin aka kafa LeetCode, inda yau akwai dubban tambayoyin atisaye.

Wannan ma'aunin shi ma bai tsira daga suka ba. A 2015 wani injiniya, Max Howell, wanda ya ƙirƙiro manhajar Homebrew da injiniyoyi masu yawa ke aiki da ita, ya bayyana cewa Google ya ƙi ɗaukarsa bayan ya kasa warware wata tambayar allo. A 2020 masu bincike daga Jami'ar Jihar North Carolina da kamfanin Microsoft suka gwada ɗalibai 48. Suka ba su tambaya ɗaya, wasu a ɗaki su kaɗai, wasu kuma gaban mai kallo. Ƙoƙarin waɗanda ake kallo ya faɗi da fiye da rabi. A cikin matan da aka gwada, duk waɗanda aka bari su kaɗai sun warware tambayar, waɗanda aka tsaya a kansu kuwa ba wadda ta warware. Wato wani ɓangare na abin da allo ke aunawa faɗuwar gaba ne. Ka riƙe wannan a ranka ranar da ɗanka zai ce maka bai ci ba.

Inda tarihin nan ya iso ƙofarmu shi ne a 2014, lokacin da aka kafa Andela a Legas. A wancan lokacin suna tantance matasa ta intanet ba tare da sun nace kan takardar jami'a ba, su horar da su, su haɗa su da kamfanonin waje. A 2019 kuma suka sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, don kasuwa ta koma neman ƙwararru. Annobar korona ta 2020 ta mai da intabiyu kan bidiyo, ya zama yaro na zaune a Maraɗi ko Garwa yana ganawa da kamfanin da ke Turai. Ƙofa ta buɗe, amma ta buɗe wa duniya duka, har da Indiya da Brazil. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 manyan kamfanoni suka rage ma'aikata: Meta 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. A watan Nuwamba na 2022 kuma ChatGPT ya fito, na'urar da ke iya amsa yawancin tambayoyin nan cikin daƙiƙoƙi. Satar amsa ta yi sauƙi, har a 2025 Jami'ar Columbia ta dakatar da wani ɗalibinta da ya ƙera manhajar satar amsa a intabiyu. Shi ya sa wasu kamfanoni suka fara komawa zaman ido da ido.

To yanzu ga abin da ɗanka zai tarar, kuma za ka ga kowane mataki jikan wani zamani ne. Da farko zai aika takardar tarihin karatunsa da ayyukansa. A nan mutane suka fi zubewa, sau da yawa ko amsa ba a ba su. In ya wuce, wani ma'aikaci zai kira shi na kamar rabin awa, ya ji me ya iya, yaushe zai iya farawa, nawa yake sa rai. Sai jarrabawa ta intanet ta awa ɗaya ko ɗaya da rabi, na'ura ce ke duba ta, jikanyar takardar IBM ke nan. Bayan ta sai zama da injiniya, ya ba shi matsala ya warware yana kallo. In ya tsallake, sai babban zagaye, zama huɗu ko biyar, wani lokaci duk a yini ɗaya. Ƙananan kamfanoni sukan taƙaita, su ba mutum aiki ya tafi da shi gida na kwana biyu ko uku, ya dawo ya yi bayanin abin da ya yi.

Me ake dubawa a zaman warware matsala? Ga misali. Kana da littafin bashi mai sunaye miliyan ɗaya a jere bisa haruffa, kana neman suna ɗaya. In ka bi ɗaya bayan ɗaya, kana iya duba miliyan ɗin duka. In ka buɗe tsakiya ka ga sunan yana gaba ne ko baya, ka yar da rabi, ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage, sau 20 kacal za ka buɗe ka same shi. Hanyoyin biyu duk suna kai ga amsa, amma ta biyun ake biya. Kuma mai tambaya ya fi son ya ji yadda yaron ke tunani. Ya yi tambaya in bai fahimta ba, ya faɗi hanya mai sauƙi tukuna sannan ya gyara ta, ya riƙa magana yana rubutu, ya gwada abin da ya rubuta. A nan tarbiyyarmu kan ba yaranmu matsala. Mun koya musu sunkuyar da kai da yin shiru gaban manya, a can kuwa shiru ana ɗaukarsa rashin sani ne. Ka ce masa ya yi magana, ba rashin kunya ba ne.

Akwai kuma zaman da ake tambayar hali: ba mu labarin ranar da kuka saɓa da abokin aiki, ko ranar da aiki ya lalace a hannunka. Amazon ya yi fice a nan, yana da ƙa'idojin shugabanci 16 da yake auna mutum da su. Ana son labari na gaske mai kai da gindi: ga halin da aka shiga, ga abin da na yi, ga yadda ta ƙare. Yaron da ya taɓa riƙe shago, ko ya kwana neman ɓatacciyar dabba, yana da abin faɗa, kada ya raina shi. Waɗanda suka daɗe a aiki kuma ana ƙara musu zaman tsara babban gini, a ce misali yaya za ka tsara manhajar aika saƙo da mutum miliyan za su yi aiki da ita a lokaci guda. In an yi dace, ƙarshe sai tayin albashi. Wannan kam fagenka ne, Alhaji. Tayin farko ba shi ne sallama ba, ana ciniki cikin mutunci, kuma kamfanoni sun saba da hakan.

Naka taimakon ba ƙarami ba ne. Ranar intabiyu yaro na buƙatar ɗaki shiru, caji cikakke, da sabis mai ƙarfi, ko rezo kamar yadda ake cewa a Nijar, har da layi na biyu ko da na farko ya yanke. A lura da agogo: tsakanin Kaliforniya da Yamai ko Kano akwai awa 8 ko 9 gwargwadon lokacin shekara, tara na safensu biyar ko shida ne na yammarmu. Kamfanonin Amurka da Ingila da Ingilishi suke intabiyu, saboda haka wanda ya yi karatu da Faransanci ya fara gyara bakinsa tun da wuri. Shiri kuwa na watanni ne, kuma ya fi kyau ya sami aboki su riƙa yi wa juna tambaya, don ya saba da a tsaya a kansa.

Sai gargaɗi. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi don ya yi wa mutum intabiyu. Duk wanda ya ce a turo kuɗin fom, ko na horo, ko na sayen kwamfutar aiki kafin a fara, ko ya nemi lambar sirrin banki, ɗan damfara ne, ko da ya sa tambarin babban kamfani a takardarsa. Kada ka sayar da ko akuya saboda shi.

In kuma sakamako ya zo ba a ɗauke shi ba, yawanci ba za a gaya masa dalili ba, kuma kamfanoni da yawa suna bari a sake nema bayan wata shida ko shekara. Ma'aunin da ya kayar da shi yau shi ne ya taɓa kayar da ƙwararrun da duniya ta san aikinsu, kuma masu shi da kansu sun canza shi sau da yawa tun zamanin Edison. Ka tambaye shi a wane mataki ya tsaya, domin nan ne zai gyara. In a takarda ne, ya ƙara ayyukan da zai iya nunawa. In a jarrabawa ne, ya ƙara atisaye. In a zaman ido da ido ne, ya saba da yin bayani da baki. Sannan ya aika wa kamfani na gaba.